YAYA ZA MU RIƘE ƊIYANMU DA SUKA TASA?

Wannan jawabi an yi shi ne gaban uwaye maza da mata na makarantun yaƙi da jahilci, a Zermu, cikin gundumar Mirya. Mun buga shi domin a karanta a sauran makarantu, a yi mahawara a kansa.



  

Yau ba zancen iri ko taki ya tara mu ba. Zancen ɗiyanmu ne, waɗanda suka fara tasawa. Ina nufin yaro ko yarinya daga shekara 12 zuwa 18. Sun wuce goyo, amma ba su kai magidanta ba. Kowane gida na da irinsu. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mu ƴan Nijar mun kai miliyan 17. A lokacin, jihar Damagaram ta fi kowace jiha yawan mutane, da miliyan 3 da rabi. Kusan rabin ƴan ƙasa ba su kai shekara 15 ba. Ke nan in mun iya riƙon waɗannan yara, mun gyara ƙasa. In mun kasa, mu ne za mu fara shan wahalar.

ME KE SAMUN YARO IN YA FARA TASAWA?

Ana yawan jin uba na cewa: "Da yaron nan mai jin magana ne. Yanzu ban gane kansa ba." Uwa kuma ta ce: "Yarinyar nan ba ta da aiki sai kumbure-kumbure."

Ba iskoki ba ne, ba kuma sammu ba ne. Girma ne. Likitoci sun binciki ƙwaƙwalwar mutum. Sun gano ba ta gama nuna ba sai wajen shekara 25. Sashen da ke son daɗi da yabon abokai shi ke fara farkawa, tun lokacin balaga. Sashen da ke auna abu, ya ce "dakata, me zai biyo baya?", yana nan wajen goshi, kuma shi ne na ƙarshen nuna. Shi ya sa za ka ga saurayi da ƙarfin babba, amma hankalinsa bai iske ƙarfin ba. Ya hau babur ya yi ta gudu don abokai su tafa masa. Kalma guda ta sa shi fushin kwana uku.

Yaro a wannan lokaci yana bukatar wanda zai ara masa hankali, kafin nasa ya nuna. Wannan aikin uwaye ne.

MISALIN IGIYA

Da damina kowa na ɗaure dabbarsa. In igiya ta yi gajarta, dabba ta cinye ciyawar gindin turke, ta rame, ta yi ta fizga har ta tsinke. In an sake ta, ta faɗa gonar wani, a kama ta, ka biya ɓarna. Mai kiwo na kirki yakan ba ta igiya daidai. Yana zagayowa, ya ba ta ruwa, ya sake mata wuri.

Ɗa ba dabba ba ne. Bambancin shi ne wannan: igiyar ɗa, ana ƙara mata tsawo kowace shekara, har ranar da za a kwance ta gaba ɗaya. Ran nan shi zai riƙe kansa da kansa. Tarbiyya ita ce shirya wannan rana.

GIDAJE IRI HUƊU

In kun duba garinmu, za ku ga riƙon ɗiya iri huɗu ne.

Na farko, gidan tsawa. Maigida ya shigo, kowa ya yi tsit. Doka da yawa, dalili babu. In yaro ya ce "don me?", sai bulala ta ba shi amsa. Yaron wannan gida yana da ladabi a gaban ido. Amma tsoro ya koya, bai koyi tunani ba. Ya iya ɓoye laifi. In ya shiga matsala, ubansa ne na ƙarshen ji. A lakol ba ya ɗaga hannu ya yi tambaya, don ya saba tambaya laifi ce.

Na biyu, gidan sangarta. Akwai ƙauna, amma babu "bari". Sau da yawa auta ne, ko ɗa namiji tilo, ko wanda aka daɗe ana nema. Ya yi ɓarna, maƙwabci ya kawo ƙara, uwa ta fito da zane a ɗamare. Yaron nan bakinsa a buɗe yake, ba ya jin tsoron kowa. Amma bai san haƙuri ba. Aiki ya yi wuya, ya ajiye. Karatu ya yi wuya, ya gudu. Hausawa sun ce: ka so naka, duniya ta ƙi shi.

Na uku, gidan ko-in-kula. Ba tsawa, ba lallashi. Ba wanda ya san inda yaro ya wuni, ko inda ya kwana. In ya ci, to. In bai ci ba, shi ya sani. Wani lokaci ba mugunta ba ce. Talauci ne, ko rabuwar aure, ko uba ya tafi bida ya daɗe. Amma ga yaro duk ɗaya ne: ya ga ba wanda ya damu da shi.

Na huɗu, gidan ƙa'ida da shawara. Nan ma akwai doka, kuma ba a taka ta. Amma ana faɗin dalilinta. Ana sauraren yaro kafin a yanke hukunci. In ya yi daidai, a ce masa madalla. In ya yi kuskure, a hukunta shi gwargwadon laifin, a wuce wurin. Ana ba shi aiki da amana daidai da shekarunsa.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANI

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A ƙasar Amurka, wata malama mai suna Diana Baumrind ta daɗe tana lura da uwaye da ɗiyansu. A 1966 ta bayyana iri uku na riƙon ɗiya. A 1983 wasu masana biyu suka ƙara na huɗu, wato ko-in-kula. A 1991 aka yi bincike kan samari da ƴan mata wajen 4.000, masu shekara 14 zuwa 18.

Ga abin da aka samu. Ƴan gidan ƙa'ida da shawara su suka fi natsuwa, suka fi dogaro da kai, suka fi riƙe karatu. Ƴan gidan tsawa suna da biyayya, amma ba su yarda da kansu ba. Ƴan gidan sangarta sun yarda da kansu, amma sun fi shaye-shaye da rashin ji a makaranta. Ƴan gidan ko-in-kula su ne a baya ta kowace fuska.

Wani zai ce: "Amurka ba Zermu ba ce." Gaskiya ne. Al'adarmu daban, addininmu daban. Ba mu ce yaro ya zauna kan tabarmar ubansa yana musu da shi ba. Amma ku duba da kyau. Abin da suka gano da alƙalami, kakanninmu sun san shi da aiki.

DABARAR KAKANNINMU

Ku tuna tsarin gandu. Saurayi na noma gonar gidan tare da ubansa da ƴan uwansa. Amma in ya tasa, sai uba ya yanka masa gayauna. Ita tasa ce. Shi zai shuka, shi zai nome a ranakun da aka bar masa, shi zai girbe. In ya yi lalaci, ciyawa ta cinye, kowa ya gani. In ya yi ƙwazo, ya saida wakensa ya ɗinka rigar salla. Uba na zagayawa ya duba, ya ce: "Nan ka yi cunkoso, rage." Bai karɓe hauya daga hannunsa ba, bai kuma juya masa baya ba.

Yarinya ma haka. Uwa ko gwaggo ta ba ta akuya. Ita ke kula da ita. In ta haihu, ribar tata ce. Da haka ta koyi tattali tun tana gidansu.

Akwai kuma gayya da samariya. Samari na da sarkinsu, ƴan mata na da shugabarsu, dattawa na sa ido daga nesa. Yaro ya koyi zama da tsara, ya koyi bin na gaba, ya koyi jagoranci.

Mun san al'adar kunya. Uba da uwa ba su sakin jiki da ɗan fari, ko sunansa ba su faɗi. Amma al'ada ba ta bar yaron haka ba. Ta ba shi kaka da zai yi wasa da ita. Ta ba shi kawu da gwaggo da zai kai wa kuka. Abin da ba zai iya gaya wa uba ba, sai ya gaya musu. Ɗa na kowa ne.

Yau fa? Gandu na watsewa. Gonaki sun ƙanƙance, wani ba shi da abin yanka wa ɗansa. Magidanta da yawa na Najeriya, ko Agadas, ko Libiya. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, wasu can suka nufa. Kawu na birni, kaka ta tsufa. Kunya ta rage, amma masu sauraren yaro sun fi ta raguwa. To, wa zai cike gurbin?

IN GIDA YA YI SHIRU, WAJE ZAI YI MAGANA

Kun ji labarin ƴan fale na birnin Damagaram. Ƙungiyoyin samari ne da suka yi suna wajen faɗa da ta da hankalin unguwa. A 2021 wata ƴar Damagaram, Aisha Maki, ta fitar da fim a kansu, mai suna Zinder. Ta ɗauke shi a unguwar Kara-Kara, inda tun da can aka ware masu ciwon kuturta. An ga samari majiya ƙarfi, ba karatu, ba aikin yi. Wasu na fasa dutse, wasu na fataucin mai ta ɓarauniyar hanya, suna neman mafita.

Rashin aiki da wariya na cikin tushen abin. Ba laifin uwaye kaɗai ba ne. Amma ku tambayi kanku: me ƙungiya ke ba yaro? Tana ba shi suna. Tana ba shi shugaba da doka. In bai zo ba, a tambayi inda yake. In an taɓa shi, a tsaya masa. Waɗannan abubuwa ne da ya kamata ya fara samu a gida.

Zaman fada da shan shayi ba laifi ba ne. Fada da yawa na yin aikin gayya, suna taimakon juna. Abin tambaya shi ne: ka san fadar da ɗanka ke zama? Ka san abokansa uku da sunansu da gidajensu? Ƙwayar tiramol ba ta tsaya birni ba, ta shigo kasuwannin ƙauye. Wayar salula ma na kawo wa yaro abin da ba ka gani, har cikin ɗaki. Katangar gida ba ta tare ta. Abin da ke tare ta shi ne hankalin da ka zuba a cikin yaron.

ZANCEN KARATU

Yaro ya yi shekara 6 a firamare. In ya wuce, sai kolej shekara 4, ya yi jarrabawar birbe. Sai lise shekara 3, ya yi bak. Tun 2010 akwai jami'a a nan Damagaram. Hanya a buɗe take, amma yara da yawa na faɗuwa a shekarar farko ko ta biyu ta kolej. Lokacin ne kuma suke balaga.

Dalili ɗaya shi ne, ɗan ƙauye sau da yawa sai ya bar gida. A kai shi babban gari, ko Mirya, ko Damagaram, wurin mariƙi. Wani uba, daga ranar da ya kai shi bai sake leƙawa ba. Yaro na kwana da yunwa. Yarinya ta zama ƴar aikin gidan, ba ta da lokacin bita. Ƙarshen shekara a koro su, a ce ba su da ƙwaƙwalwa. Alhali igiya aka saki.

Kada ka ce: "Ni ban yi lakol ba, me na sani?" Kai da ke zuwa makarantar yaƙi da jahilci, ka san lambobi. Ga abin da za ka iya:

1. Ka ce ya kawo kayensa. Duba kwanan wata. In an yi kwanaki ba rubutu, tambayi dalili.
2. A kolej maki bisa 20 ake ba da shi. 10 ita ce rabi. In ka ga 6 ko 7, kada ka fara da duka. Tambaye shi abin da bai gane ba.
3. Ka je ka gaida mushe ko darakta, ko sau ɗaya a wata uku. Ka halarci taron uwayen ɗalibai.
4. In yana wurin mariƙi, kai masa hatsi ran kasuwa. Ka zauna da yaron shi kaɗai, ka ji yadda yake.
5. Ana komawa lakol a watan Oktoba, daidai da kaka. Kada girbi ya cinye masa watan farko. Wanda ya makara a farko, da wuya ya cim ma sauran.
6. Ka bar masa fitila da sa'a guda da dare. Ka sa ya karanta maka wannan jarida, kai ma ka karanta masa.

Wanda ɗansa ke makarantar allo a wani gari, shi ma wannan magana ta shafe shi. Kai yaro wurin malam ba sauke nauyi ba ne. Ka san inda yake kwana. Ka san abin da yake ci. Ka aika da guzuri, ka ziyarce shi.

ƊIYA MACE

Uwayenmu mata, wannan naku ne, amma maza ku saurara. Yarinya in ta tasa, tsoro ke kama mu. Muna gudun abin kunya. Sai mu gajarta igiya, ko mu yi sauri mu aurar. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna, cikin mata matasa 100, an aurar da 76 kafin su kai shekara 18. An aurar da 28 kafin shekara 15. Jihohin Maradi da Damagaram na cikin na gaba. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, naƙuda na iya yi mata tsawo. Daga nan ake samun yoyon fitsari, wani lokaci a rasa uwa ko jariri. A watan Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare karatun ɗiya mace, a taimaka mata ta zauna lakol har shekara 16.

Ga abin mamaki. Gidan da ke tsoron abin kunya, shi ne kuma ke ɗora wa yarinya talla har bayan isha'i, a tasha ko bakin kasuwa. A ce kada ta dawo sai ta saida duka. Wannan tsawa ce da ko-in-kula a haɗe.

Abin da ke tsare yarinya shi ne uwar da take iya gaya wa magana. Ki gaya mata zancen al'ada kafin ta gan ta, kada ta firgita. In wani ya tare ta a hanya, ta san in ta faɗa miki ba za ki fara da zaginta ba. In kunya ta hana ki, ki sa gwaggonta ko yayarki. Kuma uwa, ki kiyaye bakinki. Kowa ya san nauyin bakin uwa. Kada fushin minti guda ya sa ki tsine wa abin da kika haifa. Ki sa albarka, ko ranki a ɓace.

Ba za mu manta da watan Oktoba 2013 ba. An tsinci gawar mutum 92 a hamada, kusa da iyakar Aljeriya. Ƙishirwa ta kashe su. 52 daga ciki yara ne, kuma mafi yawansu daga yankin Kance suka fito, nan jiharmu. Talauci ne ya kore su, Allah ya jiƙansu. Amma mu riƙe darasin: yaro ba jari ba ne da za a fita da shi nema. Amana ne.

YADDA ZA A YI MAGANA DA YARO

A ce ɗanka mai shekara 16 ya dawo tsakar dare. Gidan tsawa, a tare shi da sanda a zaure. Gidan sangarta, a ɗumama masa tuwo. Gidan ko-in-kula, ba wanda ya san ya fita.

Kai ga yadda za ka yi. Ka bari gari ya waye, zuciyarka ta huce. Ka ja shi gona ko gindin bishiya, ba gaban ƙannensa ba. Ka ce: "Jiya ina ka tsaya?" Ka yi shiru ya gama. Sa'an nan ka ce: "Ban hana ka zama da abokanka ba. Amma ƙarfe goma ta same ka a gida. Dare ba ya da amana, kuma da safe akwai aiki. Wannan mako ba fita bayan isha'i. In ka kiyaye, mu koma yadda muke." Zai ce: "To, Baba." Wataƙila ransa bai so ba. Amma ya ji doka, ya ji dalili, ya ga ƙofar gyara. Kai kuma abin da ka faɗa, ka cika shi. Kada ka ƙara, kada ka rage.

Uba da uwa su zama baki ɗaya. In uba ya hana, uwa ta ba da a ɓoye, an koya wa yaro munafunci. A gidan da ke da mata biyu ko uku, doka ta zama ɗaya ga ɗiyan kowane ɗaki. Ba abin da ke ɓata zuciyar yaro kamar bambanci.

Maigidan da ke bida, waya na hannunka. In ka kira, kada ka tsaya kan "kuɗi sun iso?" Ka ce a ba ka yaron. Ka tambaye shi karatu, ka tambaye shi gona. Kafin ka tafi, ka damƙa shi ga wani babba da sunansa, a gabansa.

Magidanta, kada ku ce tarbiyya aikin mata ne. A 2008, a nan jihar Damagaram aka fara makarantun magidanta, inda maza ke zama su tattauna lafiyar matansu. Abin ya yi amfani har wasu ƙasashe suka ɗauka. Maza da suka iya zama don lafiyar uwa, za su iya zama don tarbiyyar ɗa.

Kuma ku tuna, yaro na kallon ƙafarka fiye da bakinka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ke zagin matarsa gaban ɗiya, ba shi da bakin hana su zagi.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA A MAKARANTA

1. Cikin gidajen nan huɗu, wanne ya fi yawa a garinmu? Don me?
2. Wanda ba shi da gonar da zai yanka wa ɗansa gayauna, wace amana zai iya ba shi a madadinta?
3. Yara nawa na garinmu ke wurin mariƙi? Wa zai riƙa zagaya su a madadin gari?
4. Ƙarfe nawa ya kamata talla ta ƙare? Za mu iya yin doka ɗaya ta gari duka?

Ku tattauna, ku rubuto mana abin da kuka yanke. Za mu buga shi, sauran garuruwa su amfana.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma mai tanƙwarawa da ƙarfin tsiya karya shi yake. Kowa ya koma gida yau, ya kira ɗansa ko ɗiyarsa, ya tambaye shi yadda ya wuni, ya tsaya ya ji amsa. Daga nan ake farawa.

Allah ya shirya mana zuri'a. Allah ya ba mu damina mai albarka.